Banki ya hana ni bashin gida kuma ya riƙe kuɗin da na biya: wanne zan iya karɓowa?

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zuba kuɗi a asusun gidaje na ƙasa, wato NHF. Na nemi bashin sayen wani gida mai kuɗi naira miliyan 12 ta hannun wani bankin lamunin gidaje. Na zuba kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, wato N1,200,000. Sannan suka karɓi N25,000 na fom, N80,000 na ƙiyasin darajar gida, N60,000 na binciken takardun fili da lauya, N108,000 kuɗin gudanar da bashi, N45,000 na inshora, da N300,000 wai na rajistar jingina. Bayan wata bakwai aka faɗa mini da baki cewa albashina bai kai ba. Da na nemi kuɗina sai aka nuna mini inda aka rubuta a fom cewa ba a mayar da kuɗin da aka biya. Shi ke nan na yi asara?

Amsa: Malam, ba ka yi asarar duka ba, kuma mafi yawan abin da ka lissafa haƙƙinka ne a dawo maka da shi. Jimillar abin da ya fita daga hannunka N1,818,000 ne. Kuskuren da ke kayar da masu irin wannan ƙorafi shi ne su je su tsaya gaban manaja su ce "a ba ni kuɗina" a dunƙule. Sai a zaro musu fom, a ɗora yatsa kan layi ɗaya, magana ta mutu. Wancan layin bai rufe dukkan kuɗin ba. Abin da ka biya iri uku ne, kowanne da hukuncinsa, kuma sai ka rarrabe su kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya.

Na farko shi ne kuɗinka na kanka da ka ajiye, wato kafin alƙalamin N1,200,000. Wannan ba ladan aikin kowa ba ne. Kasonka ne na farashin gida, ka ajiye shi ne domin a haɗa da N10,800,000 na bashi a biya mai gida. Tunda ba a ba da bashin ba, ba a sayi gida ba, babu hujjar da za ta mayar da shi na banki. Idan yana cikin asusun da suka buɗe maka, ajiya ce kamar kowace ajiya, iyaka dai sun ɗaure ta don kada ka cire kafin a gama ciniki. Ranar da aka ƙi buƙatarka, ranar ya kamata a kwance ta. A nan babu sassauci, kuma kada ka yarda a ce za a zaftare wani abu daga ciki da sunan ɗawainiya. Haka N300,000 na rajistar jingina. Wannan kuɗi ana kashe shi ne wajen neman amincewar gwamna, kamar yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin a jinginar da fili mai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, da biyan harajin hatimi, da shigar da takardar jingina a rajistar filaye. Duk waɗannan ba sa farawa sai an amince da bashi an sa hannu a takardar jingina. Ba a jinginar da gidan da ba a saya ba. Idan suka ce sun kashe, su kawo rasit na gwamnati mai ɗauke da lambar filin. Ba za su iya ba.

Inshorar N45,000 ma a nan take. Inshorar gobara da ta rayuwar mai bashi suna kare gida da bashi ne. Gidan bai zama naka ba, bashin bai wanzu ba. Ka nemi sunan kamfanin inshorar da lambar takardar. Sau da yawa za a tarar kuɗin bai taɓa barin bankin ba. In kuwa har an biya kamfanin, sai a soke a dawo da shi, kuma hukumar NAICOM ce ke sauraron ƙorafi a kan kamfanonin inshora.

Iri na biyu shi ne ladan banki na ba da bashi, wato N108,000 ɗin da suka kira kuɗin gudanarwa. Ka lura kashi 1 cikin 100 ne cif na N10,800,000, kuma ba haka kawai suka zaɓi wannan adadi ba. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da jagorar caje-cajen bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. Ƙa'idar da ta shimfiɗa ita ce kuɗin gudanar da bashi ana karɓarsa sau ɗaya, ba zai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma ana lissafa shi ne a kan uwar kuɗin da aka saki. Kalmar "saki" ita ce makaminka. Nawa aka sakar maka? Ko sisi. Kashi ɗaya na babu kuwa babu ne. Ka sauko da jagorar daga shafin CBN na intanet, ka duba sashen bankunan lamunin gidaje, ka tabbatar wadda ke aiki a yanzu ce a hannunka domin akan sabunta ta, sannan ka ambaci lambar sakin layin a wasiƙarka. Ma'aikacin banki yana saurin gyara zama idan ya ga mai ƙorafi ya san lambar layi.

Wani lokaci za su sauya wa kuɗin suna su ce na alkawarin tanadin bashi ne. Akwai irin wannan caji, amma wurinsa daban: banki ya amince, ya ware maka kuɗi, kai kuma ka ƙi ɗauka ko ka jinkirta. Wanda aka ƙi shi ba a ware masa komai ba.

Iri na uku shi ne wanda zai yi maka wuya, kuma gara ka ji gaskiya tun yanzu. Fom, ƙiyasi da binciken takardu, N165,000 ke nan. Waɗannan kuɗin aiki ne da ake yi kafin a yanke hukunci, ko a ba ka ko a hana ka. Mai ƙiyasi ya je ya auna gida, ya ɗauki hotuna, ya rubuta rahoto. Lauya ya je ofishin filaye, KANGIS ne in a Kano kake, KADGIS in a Kaduna, AGIS in Abuja, ya biya kuɗin bincike ya duba ko filin na wanda ya ce nasa ne, ko an taɓa jinginar da shi, ko akwai rigima a kansa. Idan da gaske an yi wannan aiki, guminsu ne, kuma a nan ne wancan layin na fom yake da ƙarfi. Amma ko a nan akwai tambaya biyu da za ka yi.

Ta farko: an yi aikin? Jagorar CBN ta ɗora irin wannan bincike a kan mayar da abin da aka kashe kawai, ba hanyar cin riba ba ce. Saboda haka ka nemi kwafin rahoton ƙiyasi mai hatimi da sa hannun ƙwararren da ke da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasin darajar gidaje da filaye, da kwafin rahoton bincike, da rasit na abin da aka biya kowannensu. Kai ka biya, kana da damar gani. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka tambayi mai gidan ko mai gadi: akwai wanda ya taɓa zuwa da tef ya auna ɗakuna? Idan babu wanda ya zo, N80,000 tana nan a hannunsu. Idan an biya mai ƙiyasi N50,000, to ragowar N30,000 taka ce. In kuma an yi aikin duka, ka karɓi rahotannin ka adana. Rahoton bincike zai amfane ka in kana nan kan gidan, ko da wani bankin zai so ya sake nasa.

Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita ce abin da ya fi ɓata rai a labarinka: me ya sa aka tura ka wannan kashe kuɗi tun farko? Dalilin da suka ba ka shi ne albashi, alhali albashi shi ne abu na farko da ake dubawa, kuma lissafinsa bai kai minti biyar ba. Bashin NHF ana ba da shi a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, kuma ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cirewa duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Bashin N10,800,000 in za a biya cikin shekara 20, kusan N77,400 ne a wata, ke nan ana buƙatar albashin da ya kai kimanin N232,000. Idan kuwa shekara 10 ta rage maka ka yi ritaya, ko don cika shekara 60 ko don cika 35 a bakin aiki, to biyan wata zai haura zuwa kusan N120,000, albashin da ake nema ya zama wajen N360,000. Takardar albashinka ta wata uku da takardar ɗaukarka aiki suna cikin fayil tun ranar farko. Bankin da ya ga waɗannan lambobi, ya san ba za su kai ba, amma ya ce je ka biya ƙiyasi da lauya da inshora, bai yi maka adalci ba. Dokokin kare abokan hulɗa da CBN ya fitar a 2019 sun ɗora wa cibiyoyin kuɗi nauyin yin adalci, bayyana caje-caje a fili, da tantance ƙarfin biyan mai neman bashi. Ka kafa hujja da wannan ka nemi har N165,000 ɗin. Ba lalle a ba ka duka ba, amma buƙata ce mai tushe, kuma tana ƙarfafa matsayinka a kan sauran.

Abin da zai raunana ka shi ne idan laifin daga ɓangarenka ya fito. Misali ka ɓoye wani bashi da ake cirewa daga albashinka, na ƙungiyar gama kai ko na wani banki, sai ya bayyana a rahoton hukumomin tattara bayanan bashi irin su CRC, FirstCentral ko CreditRegistry. Ko kuma takardun gidan suka fito da matsala: C of O da sunan mamaci kuma magada ba su raba gado ba, ko takardar dagaci kaɗai ce a hannun mai sayarwa, ko ƙiyasi ya nuna gidan bai kai miliyan 12 ba. A irin wannan hali aikin binciken ne ya tono matsalar, ya yi amfaninsa ke nan, kuɗinsa ya tafi. Sai dai ko a nan kafin alƙalaminka, kuɗin rajista, inshora da kuɗin gudanarwa ba su canja hukunci ba. N1,653,000 naka ne ko wane ne ya jawo aka fasa.

Yanzu ga yadda za ka bi. Kafin komai ka daina magana da baki. Ka nemi takardar ƙin amincewa a rubuce, mai kwanan wata da dalili. Ka kuma tambaya a rubuce: an taɓa tura buƙatata zuwa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN? In an tura, yaushe, kuma da wace lamba? Wannan tambaya tana da nauyi, domin a tsarin NHF bankin da ka je ɗan tsakiya ne, shi ke haɗa fayil ya miƙa wa FMBN, can ake amincewa a sako kuɗi. Akan sami fayil ɗin da bai taɓa fita daga durowa ba, amma a ce wa mai shi Abuja ce ta ƙi. FMBN na da ofisoshi a jihohi, ka je da lambarka ta NHF ka tambaya da kanka.

Sannan ka karɓi cikakken bayanin asusunka daga ranar da aka buɗe shi, mai hatimi. Ka bi shi layi layi da biro, ka haɗa kowane cire kuɗi da rasit ɗinsa. Idan akwai abin da ka biya hannu da hannu ga wani ma'aikaci, ko ka tura asusun mutum, ka ware shi gefe, domin bankin zai ce bai san zancen ba. Saƙonnin waya da na WhatsApp da ke nuna wanda ya ce ka biya su ne shaidarka a kansa, kada ka goge ko ɗaya.

Wasiƙar ƙorafin kada ta wuce shafi ɗaya da rabi. A rubuta ta zuwa ga shugaban bankin ta hannun sashen karɓar ƙorafi, ba zuwa ga jami'in da ya riƙe fayil ɗinka ba. Ka sa sunanka, lambar asusu, ranar da ka nemi bashi, ranar da aka ƙi, sai kowane kuɗi da adadinsa da ranar biyansa da dalilin da ya sa kake neman a dawo da shi. Ban da zagi, ban da barazanar kai su Facebook. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da shi, ka kuma nemi lambar ƙorafi. Wannan lambar ita CBN zai fara tambayarka. Kada ka taɓa miƙa asalin rasit, hoto ko kwafi kaɗai.

Tsarin CBN shi ne a fara bai wa bankin dama, mako biyu ga yawancin ƙorafe-ƙorafe, har zuwa kwana 30 ga wanda ya shafi bashi da cajin da ya wuce ƙa'ida. Idan wa'adin ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka ɗaga zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ko ta imel ko ta reshensa da ke babban birnin jiharka, haɗe da kwafin wasiƙar mai hatimi. Ba a biyan ko kwabo. Akwai wa'adin shekara 6 na shigar da irin wannan ƙorafi, amma kada ka ɗauki wannan a matsayin izinin jan ƙafa. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun da ka ajiye bara ba za ta sayi buhunan simintin da za ta saya a lokacin ba, kuma kowane wata da suka ƙara riƙe ta kai ake ci. Akwai wani dalilin gaggawa kuma: a watan Mayu na 2023 CBN ya soke lasisin wasu bankunan lamunin gidaje guda huɗu. In haka ta faru da naka, sai ka bi layin hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, wadda tun 2024 iyakar abin da ta lamunce wa mai ajiya a irin waɗannan bankuna naira miliyan 2 ne.

Wani tarko da ake yawan faɗawa: bayan ka matsa, za a kira ka a ce ga kafin alƙalaminka, amma ka sa hannu a wata takarda. Ka karanta ta da kyau, ko ka kai wa lauya. In an rubuta cewa wannan shi ne cikakken biya kuma ba ka da sauran magana, to ka yafe N453,000 da hannunka. Ka karɓi abin da suka ba ka, amma ka rubuta a jiki cewa kashi ne na abin da kake bi.

Idan CBN bai wadatar ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ita ma kyauta ce, sannan akwai kotu. Jihohi da dama, ciki har da Legas da Kano, sun kafa kotun ƙananan basuka da aka tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Adadin da kake bi bai kai iyakar naira miliyan 5 da aka fara da ita ba.

Akwai inda labarin ke sauyawa gaba ɗaya. Idan kafin alƙalamin ba banki ka bai wa ba, kamfanin gina gidaje ka bai wa kai tsaye, to CBN ba shi da iko a kansa. Takardar cinikin da ke tsakaninku ce za ta yi magana, kuma da yawansu suna rubuta cewa za su zaftare wani kaso in an fasa, su kuma biya sai sun sami wani mai saye. A nan hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ko kotu za ka nufa. Idan kuma kuɗin daga asusun fansho ya fito, bisa tsarin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na 2022 da ya ba da damar cire har kashi 25 cikin 100 don kafin alƙalamin gida, to ba aljihunka zai dawo ba, asusun fanshon zai koma, kuma ka sanar da kamfanin fanshonka a rubuce don ya bi sawu. Shi kuwa kashi 2.5 cikin 100 da ake cire maka na NHF ba ya cikin wannan magana, yana nan da sunanka har ka yi ritaya, kuma hana ka bashi yau bai hana ka sake nema ba. In kuma ya zamana wanda ya karɓi kuɗin ba ya cikin jerin cibiyoyin da CBN ya bai wa lasisi, to ba ƙorafin abokin hulɗa ba ne, damfara ce ta karɓar kuɗi da alkawarin ƙarya, wadda dokar hana damfara ta 2006 ta tanadar wa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, kuma EFCC ko 'yan sanda za ka kai wa.

Ga waɗanda suka bi ta bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, hujjar ta ma fi ƙarfi. A ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, kuɗin da abokin ciniki ke ajiyewa don nuna da gaske yake amana ce a hannun banki, ba a taɓa ta sai gwargwadon ainihin asarar da aka yi in shi ne ya saɓa alkawari. In bankin ne ya fasa, ana mayar da ita cif. Kowane irin wannan banki yana da kwamitin malamai masu ba shi shawara, ka aika musu kwafin ƙorafinka.

In za ka sake nema, ko a nan ko a wani bankin, ka juya jerin yadda aka bi da kai. Ka karɓi rahoton bashinka da kanka, dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar samun ɗaya kyauta a kowace shekara. Ka sa jami'in ya yi lissafin albashi da shekarun da suka rage maka a gabanka, ya rubuta iyakar abin da za ka iya ɗauka. Da albashin N150,000 da shekara 20 a gaba, alal misali, abin da kashi ɗaya cikin uku zai ɗauka bai wuce kusan naira miliyan 7 ba, sai ka nemi gidan da ya dace da haka ko ka ƙara kafin alƙalami. Bayan wannan ne za a yi binciken fili, domin ya fi araha kuma shi ya fi kashe ciniki, sai ƙiyasi. Kuɗin gudanarwa, inshora da rajista kuwa ka ce a rubuta a takardar tayin bashi cewa sai ranar da za a saki kuɗi za a cire su, kuma a ƙara layi ɗaya a takardar ciniki da mai gida cewa in banki bai ba da bashi ba za a dawo da kafin alƙalami cikin kwana 30 ba tare da zaftare komai ba.